Fuskokin Yesu a Kaduna: Yadda Siffar da Mutum Ya Riƙe Take Tuƙa Bangaskiyarsa

Babu aya ko guda a Linjila huɗu da ta faɗi tsayin Yesu Almasihu, ko launin fatarsa, ko yanayin sumarsa. Matiyu da Markus da Luka da Yohanna sun rubuta surori 89 a kansa, ba wanda ya tsaya kwatanta fuskarsa. Ɗan abin da za a iya tsinta shi ne, a daren da aka kama shi sai da Yahuza ya sumbace shi kafin masu kamun su bambance shi da almajiransa, alamar bai fita daban da sauran mazan Galili ba. Amma ba yaron makarantar Lahadi a Narayi ko Sabon Tasha fensir ka ce ya zana Yesu, abu ɗaya zai fito: dogon farin mutum mai siririn hanci, da suma har kafaɗa, da farar riga da jan mayafi.

Wannan siffar ido ce. Akwai wadda ta fi ta nauyi, wato ta cikin zuciya: wane irin hali ne da shi, me ke sa shi fushi, me yake yi idan an roƙe shi, da wane ido yake duban mai zunubi da matalauci da abokin gaba. Kiristoci biyu kan zauna a benci ɗaya a ECWA ko Baftis, Littafi Mai Tsarki ɗaya a hannunsu, amma ɗaya alƙali mai rubuta laifuffuka yake bauta wa, ɗayan kuwa jarumin da zai karya masa sammu yake jira. Ran Lahadi ba a gane bambancinsu. Sai ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko an sallami mutum daga aiki, ko an sace ɗan'uwa a hanyar Kachia, sannan siffar da kowa ya riƙe take fitowa fili. Ita ce ke tsara masa abin da zai roƙa, ita ce kuma ke gaya masa abin da zai zata idan amsa ba ta zo ba.

Asalin fuskar da ke kan kalanda

Cikin zanen Yesu mafi tsufa da aka gano akwai na bangon wani gida da aka mayar majami'a a Dura-Europos, a ƙasar Siriya ta yau, wajen shekara ta 235. Saurayi ne marar gemu mai gajeren gashi, yana warkar da shanyayye. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma ma haka yake, matashin makiyayi da tunkiya a kafaɗa. Gemu da doguwar suma da zama bisa gadon sarauta sun kankama ne daga ƙarni na 4, bayan daular Roma ta rungumi addinin, masu zane suka aro kamannin da mutanen zamanin suka saba gani a matsayin alamar iko.

Zanen kansa ya jawo rigima. Tsakanin 726 da 843 an yi ta farfasa hotuna a daular Rumawa ta gabas ana maido da su, har taron bishop-bishop na Nikiya na 787 ya yanke cewa ana iya girmama hoto, amma sujada ta Allah ce shi kaɗai. A ƙarni na 16 John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, da mabiyansa suka sake fitar da hotuna daga majami'u. Gadon wannan saɓani yana nan a Kaduna. Shiga babbar majami'ar Katolika ta St. Joseph, za ka ga gicciye da jikin Yesu a kai, da matakai 14 na hanyar gicciye jere a bango. Shiga ECWA ko HEKAN ko Baftis, gicciyen wayam yake. Wanda ya tashi yana kallon jiki mai raunuka kowace Lahadi ya saba da cewa Allah ya san zafi. Wanda ya tashi da gicciye wayam ya saba da cewa an gama, ya tashi. Duka biyun Linjila ce, amma ba ta'aziyya iri ɗaya suke koya wa mutum ba. Abin dariya kuma, gidajen 'yan ikkilisiyun da suka hana hoto a wurin sujada su ne cike da kalanda a falo.

Fuskar kalandar kuwa ba ta daɗe ba. Wani mai zane a Chicago ta Amurka, Warner Sallman, ya zana kan Yesu a 1940, aka buga shi fiye da sau miliyan 500. Sai fim ɗin 1979 da aka ɗauko daga Linjilar Luka, wanda ɗan wasa Bature daga Ingila ya fito a matsayin Yesu. An juya shi zuwa Hausa, masu bishara suka yi ta haska shi da majigi a ƙauyuka. Mutum ya ji Yesu na magana da Hausa, wannan riba ce babba, amma fuskar da ta zauna masa ta Bature ce. A 2001 wani masanin sake gina fuska daga ƙoƙon kai, Richard Neave, ya yi aiki da ƙasusuwan Yahudawan ƙarni na farko, ya fitar da mutum mai faffaɗar fuska, wankan tarwaɗa mai duhu, da gajeren gashi murɗaɗɗe. Bai ce fuskar Yesu ba ce, kamannin mutanen yankin ne a lokacin. Manzo Bulus ma ya rubuta wa Korintiyawa cewa doguwar suma abin kunya ce ga namiji.

Farar fuskar tana da farashi. Tana ƙarfafa zancen cewa addinin na Turawa ne, kuma a wasan kwaikwayon yara na majami'a ana sa wa mai fitowa a Yesu fari, a shafa wa Shaiɗan baƙin gawayi, yaro ya tafi gida da darasin da ba wanda ya yi niyyar koya masa. A shekarun 1970 Kiristocin ƙabilar Mafa a arewacin Kamaru sun kwaikwayi labaran Linjila aka zana su, Yesu ya fito baƙin mutum a tsakiyar bukkoki da rumbuna. Irin wannan zane yana da amfani wajen koyarwa, muddin an tuna cewa wa'azi ne da fenti. A tarihi dai Bayahuden Galili ne. Cire shi daga Yahudanci yana da mummunan tarihi: a 1939 wasu malaman tauhidi a Jamus ta Hitila sun kafa cibiya a Eisenach, aikinta shi ne goge duk wata alamar Yahudanci daga Yesu da Sabon Alkawari.

Huɗu aka bari, ba ɗaya ba

Ko cikin Sabon Alkawari ba hoto ɗaya aka ajiye ba. Markus, mafi gajarta da surori 16, bai kawo labarin haihuwa ba, daga baftisma sai aiki. Yesunsa yana fushi, yana ajiyar zuciya, yana barci a jirgi kan matashi, yana cewa bai san ranar ƙarshe ba sai Uba, kuma surori shida na ƙarshe duk a kan makon mutuwarsa suke. A Matiyu malami ne mai dogayen jawabai biyar, ciki har da huɗubar kan dutse, shi ne kuma mai zazzafar tsawa ga munafukai a sura ta 23 da raba tumaki da awaki a ta 25. Luka ya kai asalinsa har Adamu, ya cika littafinsa da mata da Samariyawa da masu karɓar haraji da ɗa almubazzari, a wurinsa ne aka ce kaiton masu arziki. Yohanna ya fara tun kafin halitta. A cikinsa babu fitar da aljani ko sau ɗaya, akwai maganganun "Ni ne" guda bakwai, kuma da aka zo kama shi, masu kamun ne suka ja da baya suka faɗi ƙasa.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne bakin mutuwa. Maganganu bakwai da ake wa'azi a kansu ran Jumma'ar gicciye ba a wuri ɗaya suke ba. Matiyu da Markus ɗaya kawai suka kawo, kukan "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Luka ya kawo uku, ciki har da roƙa wa masu gicciye shi gafara da miƙa ruhunsa ga Uba. Yohanna ya kawo uku, na ƙarshe "An gama." Idan aka jera su a sujada ɗaya ta sa'a uku, ana samun cikakken hoto, amma ana rasa kaifin kowanne. Matar da aka kashe mijinta a gona, wadda ba ta taɓa jin cewa Yesu da kansa ya yi kukan an yashe shi ba, za ta ɗauka tambayar da ke cin ranta saɓo ce, sai ta haɗiye ta.

An gwada taƙaita su tun da wuri. Wajen shekara ta 144 wani malami mai suna Markiyon ya riƙe Luka kaɗai bayan ya yanke abin da bai so ba, ikkilisiya ta kore shi. Wajen 170 wani malamin, Tatiyan, ya narkar da huɗun suka zama labari ɗaya, majami'un Siriya suka yi ta karanta shi fiye da shekara ɗari biyu, har bishop-bishop na ƙarni na 5 suka janye shi suka maido huɗun. Shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, da reza ya yi nasa, ya yanke mu'ujizai da tashi daga matattu, ya bar koyarwar ɗa'a. Yau ba mai ɗaukar reza, amma ana yin aikin ta hanyar zaɓen abin da za a karanta. Katolika, tun 1969, suna da jadawalin shekara uku: shekara ɗaya Matiyu, ɗaya Markus, ɗaya Luka, Yohanna kuma a lokacin azumin Kirista da Ista. Angilika ma da jadawali suke tafiya. Ko limami ya so ko ya ƙi, ranar wahalalliyar aya za ta zo. A majami'ar da fasto ke zaɓen nassi da kansa kowane mako, yana iya shekara goma yana zagaye ayoyi talatin da ransa ke so, jama'a su ɗauka iyakar Yesu ke nan.

Tsohuwar gardamar Allahntaka da mutuntaka

Tun zamanin manzanni akwai masu cewa jikin Yesu kama ce kawai, bai ji yunwa ko zafi na gaske ba, shi ya sa wasiƙar Yohanna ta fari ta sa shaidar cewa ya zo cikin jiki ta zama ma'auni. Daga ɗaya ɓangaren, Ariyus, limami a Iskandariya, ya koyar da cewa Yesu halitta ne mafi ɗaukaka, taron Nikiya na 325 ya ƙi wannan. A 451 taron Kalsidon ya ce mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allah da ta ɗan'adam, ba cuɗewa ba rabewa. Kibɗawan Masar da ikkilisiyar Habasha ba su karɓi lafazin ba, har yau da nasu bayanin suke tafiya.

Ba a jin waɗannan sunaye a unguwannin Television ko Gonin Gora, amma karkatar tana nan. Wanda ya rinjaya wajen Allahntaka kaɗai yana ganin gwajin da aka yi wa Yesu a jeji wasa ne, don haka idan aka ce ya yi koyi da shi sai ya ce ai shi Allah ne. Shi ne kuma mai tsawata wa masu kuka a gidan makoki da sunan bangaskiya, ya manta Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Wanda ya rinjaya wajen mutuntaka kaɗai kuwa, addininsa kan koma jerin kyawawan halaye, addu'a ta zama al'ada, ranar da ya faɗi cikin babban laifi bai san inda zai kai shi ba.

Siffofin da suka fi yawo a mumbarin Kaduna

Ta farko, mafi ƙarfi, ita ce Yesu Mai Nasara, mai korar aljanu da warkar da cuta. Tushenta a Linjila tabbatacce ne: mahaukacin kaburbura a Markus sura ta 5, da Kolosiyawa 2:15 inda aka ce ya tuɓe wa ikoki makamansu. Ga mutumin da ya tashi da tsoron mayu da sammu da kambun baka, wannan bishara ce ta gaske. Ta sa dubbai sun ƙone layu, sun daina kai wa boka kaza, sun yi barci. Wanda bai taɓa zama cikin wannan tsoro ba kada ya yi saurin raina ta.

Matsalar tana farawa ne idan ita kaɗai ce. Idan Yesu mai cin nasara nan take ne kawai, to duk ciwon da bai warke ba sai an nemo masa dalili, kuma dalilai uku ne a hannu: bangaskiyar majiyyaci ta gaza, ko yana ɓoye zunubi, ko wani a dangi ne ke riƙe da shi. Na farko yana sa a ajiye magani don a nuna bangaskiya. Maganin tarin fuka wata shida ake sha. Mai shan sa yakan ji sauƙi bayan wata biyu, ya ba da shaida a majami'a, ya daina, ciwon ya dawo da ƙwayar da ba ta jin maganin farko. Haka mai hawan jini da mai ciwon suga da mai shan maganin ƙanjamau. Saurayi da budurwa masu jinin AS su biyun kan ce addu'a za ta sauya jini, alhali kowane ciki da za a ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Na biyu yana ɗora wa majiyyaci laifi a kan ciwo. Na uku shi ne ke ƙarewa da nuna tsohuwa ko maraya da yatsa a ce maye ne. Daga nan sunan Yesu da man shafawa da hankici sun koma layar da aka ƙone. Sabon Alkawari bai ɓoye marasa warkewa ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jiki ba a cire ba, ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa, Luka abokin tafiyarsa kuwa likita ne. Da aka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, cewa ya yi ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba.

Kusa da ita akwai Yesu mai buɗe ƙofar arziki. Kaduna tana da hannu a tarihin wannan koyarwa a Nijeriya, domin a nan ikkilisiyar Living Faith ta soma a 1983. Koyarwar ta sami kunnuwa ne lokacin da tattalin arziki ya karye, daga tsuke bakin aljihun 1986 zuwa rufewar masaƙun Kakuri a shekarun 2000. Ta ba mutane da yawa ƙwarin gwiwar barin giya, da adana kuɗi, da kama sana'a, da daina ɗaukar talauci a matsayin ƙaddara. Inda take karyewa shi ne inda baiko ya zama jari, mutum ya ci bashi ya "shuka iri" yana jiran ninki ɗari. Ayar da aka fi jawowa, 2 Korintiyawa 8:9, cewa ya zama matalauci don ku arzuta, tana tsakiyar roƙon da Bulus ke yi a tara wa matalautan Urushalima gudummawa. Iyayen Yesu kuwa 'yan kurciyoyi biyu suka kai haikali, hadayar da Attaura ta sassauta wa wanda bai iya sayen ɗan rago ba.

Sai Yesu mai shan wahala. Shi ne na hanyar gicciye ran Jumma'a a lokacin azumi, da addu'ar Jinƙan Allah ta ƙarfe uku na rana wadda ta samo asali daga Faustina Kowalska ta Poland a shekarun 1930, da yawancin waƙoƙin Zumuntar Mata a gidan rasuwa. A shekarun garkuwa da mutane wannan siffa ta riƙe gidaje da dama. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a wajen Kaduna, aka saki uku, aka kashe Michael Nnadi mai shekara 18. A irin wannan jana'iza wa'azin nasara nan take ba shi da abin faɗa. Amma ita ma ana cutar da mutane da ita. Matar da miji ke duka ta kai ƙara wurin dattawan ikkilisiya, a ce mata ta ɗauki gicciyenta. Yesun da ake fakewa da shi, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, tambayarsa ya yi don me ya mare shi, kuma shi ya ce wa almajiransa idan an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani.

A nan ne gardamar da ta fi zafi a jihar take. Bayan Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da rikicin 2000 da na 2002 da suka raba birnin gida biyu a kan kogi, da na 2011, an sha jin masu cewa, game da koyarwar Yesu ta juya wa wanda ya mare ka ɗaya kuncin, an mari kunci biyu, babu na uku. Masu wannan ra'ayi suna jawo Luka 22:36, inda ya ce marar takobi ya sayar da mayafinsa ya saya, da laƙabin Zakin Yahuza. Masu ɗaya ra'ayin suna nuna cewa a daren nan ne ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube, kuma a Wahayi sura ta 5, da aka ce wa Yohanna ga Zaki, da ya waiga Ɗan Rago ya gani kamar an yanka shi. Kare iyali daga mahari batu ne da malaman Kirista suka daɗe suna tattaunawa, kuma yawancinsu sun yarda da shi. Ramuwar gayya a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba kuwa, babu siffar Yesu a Linjila da za ta ɗauke ta. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna a 1995, kuma ya sha bayyana cewa sai da ya yi kokawa da ƙiyayyar da ke ransa a gaban koyarwar Yesu.

Akwai kuma alƙali da aboki. Mai riƙe da alƙali kaɗai ana gane shi wajen Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu: wata da watanni yana ƙaurace wa tebur, yana amsa kiran tuba a kowane taron farkawa, bai taɓa tabbata an karɓe shi ba. Mai riƙe da aboki kaɗai, wanda ya fi yawa cikin matasa masu bin waƙoƙin sujada a waya, ba ya jin akwai abin da Yesu zai hana shi.

Malaman tauhidin Afirka sun nemi siffar da ta fito daga ƙasar nan. Kwame Bediako na Ghana da Charles Nyamiti na Tanzaniya sun yi bayaninsa a matsayin babban kaka mai tsayawa tsakanin rayayyu da Allah. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936 ya rasu a 1975, ya riƙe sakatarcin ECWA, shi kuwa gargaɗi ya yi kan gauraya, yana cewa a bayyana bangaskiya cikin al'ada amma Littafi Mai Tsarki ya zama alƙali. Har yanzu ɗaliban tauhidi a Kagoro da Kawo suna tafka wannan muhawara.

Annabi Isa na maƙwabci

Ba Kirista a Kaduna da ke riƙe da siffar Yesu shi kaɗai a fili, domin abokin aikinsa da mai shagon unguwarsu suna da tasu. Alƙur'ani ya ambaci sunan Annabi Isa, alaihissalam, sau 25. Ya tabbatar da haihuwarsa daga budurwa Maryamu, ya kira shi Almasihu da Kalma daga Allah, ya ce ya yi magana cikin tsumman goyo, ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah. Ya kuma ce a Suratun Nisa'i ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma manzo ne, ba ɗan Allah ba. Wurin haɗuwa yana da faɗi, wurin rabuwa kuma a kan ginshiƙai biyu ne, gicciye da Allahntaka. Ba a yi wa kowane ɓangare adalci idan an ɓoye ɗaya daga cikin biyun.

Wannan maƙwabtaka tana sassaƙa bangaskiyar Kirista ta hanyar da ba ya lura. Saboda kullum Allahntakar ake tambayarsa, sai ya haddace ayoyin Yohanna ya ƙyale Markus, har ya riƙa jin nauyin ayoyin da Yesu ya gaji ko ya yi addu'a da hawaye, kamar makamin abokin gardama ne. Ta haka kare koyarwa ke jefa shi cikin karkatar da ikkilisiya ta ƙi tun farko. Tarihi ya nuna abin na tafiya ta ɗaya hanyar ma. A ƙarni na 19 wani malamin Kano, Malam Ibrahim, ya tara mabiya a kan girmama Annabi Isa daga karatun Alƙur'ani, aka kira su Isawa. An kashe shi, mabiyansa suka watse, kuma a 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske ɗan mishan Dokta Walter Miller a Zariya, wanda ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932.

Yadda ake gano siffar da mutum ko majami'a ke riƙe da ita

Tambayar mutum wane ne Yesu ba ta fitar da komai, amsar katikizim zai ba ka. Abin da ke aiki shi ne ƙidaya. Shugaban rukunin nazari ko sakataren ikkilisiya ya ɗauki littafin sanarwa, ya rubuta nassin wa'azin Lahadi 12 da suka wuce, da waƙoƙi 20 da aka fi rerawa, ya sa wa kowanne alama: nasara, arziki, wahala, shari'a, koyarwa, ko abota. Idan fiye da rabi sun faɗa gida ɗaya, ko wani gida ya tashi ba ko ɗaya, an ga inda aka karkata. Ga mutum ɗaya kuwa, a duba abubuwa uku: laƙabin da ya fara fitowa bakinsa idan labari marar daɗi ya zo, abin da yake yi a makon da ya san ya yi zunubi, da abin da yake faɗa wa mai makoki.

Gyaran yana farawa da karanta Linjila ɗaya daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. Markus ya fi dacewa, ayoyinsa ba su kai 700 ba, da murya yana ɗaukar sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu idan mutum huɗu sun raba surori huɗu-huɗu. Ba wa'azi a tsakani. Kowa ya riƙe takarda mai gida biyu, abin da ya saba ji da abin da ya ba shi mamaki ko ya dame shi. Gida na biyun shi ne darasin. Bayan haka a bi huɗun sura ɗaya kullum, kwana 89 ke nan, a riƙa tambayar abu uku a kowace sura: da wa ya yi magana, me ya ba shi, me ya nema a wurinsa.

Wurare uku aikin ke lalacewa. Shugaba kan yi saurin sulhunta ayoyi, da zarar wani ya ce wannan ta dame shi sai a rufe bakinsa da wata daga Yohanna, a koma inda aka fito. Wasu kuma kan jefar da tsohuwar siffa gaba ɗaya su rungumi kishiyarta, wanda ya gaji da alƙali ya koma aboki zalla, wanda wa'azin arziki ya ƙona ya daina roƙon komai, alhali abin da ake nema ƙari ne a kan abin da yake da shi. Na uku lokaci ne. Ba a yi wa mutum wannan gyara a gadon asibiti ko a kwana ukun rasuwa, lokacin da siffar da ya sani ita kaɗai ke riƙe da shi. Fasto mai lura yana sa Markus sura 8 zuwa 10 da Zabura ta 22 cikin jadawalin watannin da ba a cikin tashin hankali, ya kuma zauna da shugabar Zumuntar Mata da mai koyar da mawaƙa, don su ne ke zaɓen waƙoƙin da za a rera a wata uku masu zuwa.